Makarar Da Muka Ɗauka A Bayan Kamfanonin Sharaɗa

Shekarun baya, can tsakiyar shekarun tamanin, ina aiki a wani kamfanin roba a Sharaɗa, inda muke buga buta da bokiti da kofuna. Saurayi ne ni a lokacin, ga suma na tara, ga ji da kai, kuma ni kaɗai nake ganin an haife ni ne don in fito a talabijin. Muna da wata 'yar ƙungiyar wasan kwaikwayo, duk cikinmu leburorin kamfani ne, wasu daga Sharaɗa, wasu daga Challawa, wasu kuma su tuƙo keke tun daga Bompai. Ranar Lahadi muke haɗuwa a wani aji na makarantar firamare mu yi ta gwaji, in Salla ta zo mu yi wasa a fili, mutane su yi dariya su watse.

Shugabanmu wani abokina ne da ke kan injin saƙa a wata masaƙa a Bompai. Ƙarar inji ta sa ba ya iya magana a hankali, ko sirri zai gaya maka sai na ƙarshen layi ya ji. Mun sa masa suna darakta don tsokana, shi kuwa ya karɓe shi hannu biyu. Idan mun je silima mun kalli fim ɗin Indiya ko na 'yan Caina, kowa ya fito yana nishaɗi, shi sai ya fito yana ƙunƙuni.

"Wai mu ba mu da labari ne? Kullum sai dai mu kalli na wasu? Wallahi abin da ke faruwa a ɗakin haya guda ɗaya a Sharaɗa ya fi wannan tsalle-tsallen abin kallo."

Muna ta yi masa dariya har ranar da ya zo mana da maganar kyamara. Wani Alhaji ne ya taho da ita daga Makka, irin mai nauyin nan da ake saɓawa a kafaɗa, yana ba da ita ana ɗaukar biki da suna. Mutumin da ke riƙe masa ita surukin ɗaya daga cikinmu ne. Darakta ya yi ta sintiri gidan Alhajin, yau gaisuwa, gobe ban gajiya, har dai ya amince a ara mana duk Lahadin da babu biki, da sharaɗin kada wani mahaluki ya taɓa ta sai mutuminsa.

Yaran yanzu da ke tace fim a waya ba za su gane wahalar ba. Mu ba mu da injin haɗa hoto. Kaset ɗaya ne, kuma yadda labari zai tafi haka za ka ɗauke shi, na farko a farko, na ƙarshe a ƙarshe. Idan wani ya yi dariya a inda ba na dariya ba, sai a mayar da kaset baya a sake ɗauka a kan wancan. Ga shi wannan yana aikin safe, wancan yana na rana, wani an riƙe shi a kamfani. Haka muka yi ta lallaɓawa Lahadi bayan Lahadi, tun kafin azumi har bayan Babbar Salla, duk wahalarmu tana cikin baƙin kaset guda ɗaya da darakta yake naɗewa a cikin tsohuwar rigarsa.

Labarin na wani saurayi ne da ya baro ƙauyensu ya zo Kano aikin kamfani, ya sha wuya, ya kwanta ciwo a ɗakin haya, ya mutu babu nasa a kusa. Ƙarshen fim ɗin shi ne abin da darakta ya fi ji da shi. Mutum huɗu kacal za su ɗauko makara su bi wani dogon titi da babu kowa, kyamara tana can nesa, a ga yadda baƙo yake tafiya kabari a garin da ba nasa ba.

"So nake duk wanda ya kalla ya kasa cin tuwon dare," in ji shi.

Wanda ya fito a saurayin wani abokina ne da ke aiki a kamfanin alewa, siriri, mai sanyin hali. Har yau yana cewa iya wasansa ne ya sa aka zaɓe shi, mu kuwa mun san rashin nauyinsa aka duba, tun da mu za mu ɗauke shi. Ni kuma, duk ji da kaina, abin da na samu shi ne maƙwabcin ɗaki. Magana ɗaya tak aka ba ni a duk fim ɗin, in ce, "Baƙo ne, ba shi da kowa a garin nan." Na yi wata da watanni ina maimaita ta a gaban madubi.

Mahaifiyata tana sayar da shinkafa da wake a bakin ƙofar wani kamfanin fata, kusan duk ma'aikatan layin sun san ta. Ita ce uwar ƙungiyarmu ba tare da an naɗa ta ba. Ita ke ciyar da mu duk Lahadi, a ɗakinta muka ɗauki rabin fim ɗin, tukwanenta da fitilarta duk sun fito. Amma da ta ji maganar makara sai ta ajiye ludayi ta dube ni.

"Kai, ba a wasa da makara. Ku ce ya mutu mana a wuce wurin, dole sai an gani?"

Na ce, "Inna, ai fim gani ne."

"To, Allah ya kyauta. Ni dai ba zan ba ku farin yadi ba."

Ba ta ba mu ba. Ladanin masallacin unguwa ma da muka je aron makara, kallon da ya yi mana ya ishe mu amsa. Sai wani a cikinmu da ya iya aikin kafinta ya samo gwangwala ya ɗaura mana wata, ya kuma zuba gwaninta har ta fi ta masallacin kama da gaskiya. Muka samo farin zanin gado da sabuwar tabarma.

Titin da darakta ya zaɓa yana bayan kamfanonin fata, dogo ne, katanga hagu katanga dama, ranar Lahadi ko akuya ba ka gani. Akwai wata babbar mota da ta lalace aka bar ta a bakin titin, shi da mai kyamara suka hau samanta can nesa don hoton ya fito da faɗi. Kafin ya tafi ya durƙusa kan abokin namu da muka riga muka naɗe, ya ce masa da wannan murya tasa:

"Batir ɗaya ya rage mana. Ko me ka ji, kada ka motsa, kada ka yi tari, sai ka ji muryata."

Ya kuma gaya wa mai kyamara kada ya kashe sai ya ce ya kashe.

Abin da ya shige mana duhu, alhali duk cikinmu babu wanda bai san shi ba, shi ne bayan Babbar Salla fatun layya suke tuɗaɗowa Kano daga ko'ina. A makonnin nan kamfanonin fata ba su san Lahadi ba. Mahaifiyata ma da safen nan ta fita da tukunyarta, na gan ta da idona, amma kaina yana kan maganata guda ɗaya.

Muka ɗauki makara, ni ina gaba ta hannun dama, muka fara tafiya a natse kamar yadda aka koya mana. Ba mu yi nisa ba sai jiniya ta ɗauka. Wata ƙaramar ƙofa a jikin katanga ta buɗe, masu aikin safe suka fara fitowa, wasu da takalman roba har gwiwa, wasu suna tura kekuna. Suka gan mu suka tsaya cak. Na ji an ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Kun san yadda abin yake a wurinmu. Ba a ganin makara a wuce, kuma ba a tambayar izini kafin a sa kafaɗa. Wanda ya fara isowa wani dattijo ne, dogo, baƙi, mai furfura, hannuwansa duk sun rine da ruwan jima. Ya zo daidai inda nake ya ce, "Kawo, ɗana, huta." Ta yaya zan ce wa sa'an kakana a'a? Kafin in haɗa kalma a bakina ya zura kafaɗarsa, na tsinci kaina a gefe hannu sake. Na waiwaya, sauran ukun ma an karɓe su. Cikin ɗan lokaci babu ɗan ƙungiyarmu ko ɗaya da ke riƙe da makarar.

Wani ya dafa ni ya ce, "Malam, wane ne ya rasu?"

Jama'a, tsoro bai yi ba. Kaina ya ɗauke ɗif, na nemi abin faɗa na rasa, sai abin da na yi wata da watanni ina haddacewa ya fito da kansa, da irin muryar tausayin da na gwada a gaban madubi.

"Baƙo ne, ba shi da kowa a garin nan."

Tun da nake wasan kwaikwayo ban taɓa yin magana ta shiga jikin mutane kamar wannan ba. Na ji ana miƙa ta baya, baki zuwa baki, baƙo ne, ba shi da kowa. Masu keke suka sauka suka biyo. Mai shayin kwana ya bar teburinsa. Direban wata bas ya faka, fasinjojinsa suka sauko. Ƙofar wani kamfanin ta buɗe, su ma suka shigo. Tafiyar natsuwar da darakta ya koya mana ta koma irin saurin da ake yi da gawa ta gaske, ana karɓa ana sakewa, kowa yana son kafaɗarsa ta taɓa. Wani ya haye kekensa ya ce bari ya yi gaba ya sa a fara haƙa. Dattijon nan kuwa duk wanda ya zo karɓarsa sai ya girgiza kai, hawaye yana bin furfurarsa.

Darakta ya diro daga saman mota ya sheƙo a guje yana ihu, "Ku tsaya! Ku sauke shi! Ku sauke shi na ce!" Mutane suka ga saurayi a firgice yana neman faɗawa kan makara, sai wasu ƙarti biyu suka rungume shi.

"Yi haƙuri, bawan Allah. Ba a yi wa mamaci kururuwa, addu'a za ka yi masa."

Yana fizgewa suna ƙara riƙe shi, wani yana shafa masa kai. Mai kyamara kuma yana can sama bai kashe ba. Daga baya da muka tambaye shi ya ce ai ba a ce ya kashe ba, kuma shi a aikinsa na biki inda taro yake nan ake haskawa.

Abokin namu da ke cikin tabarma ya ba mu nasa labarin daga baya. Ya ce tun da ya ji tafiya ta canja ya san ba mu ba ne, amma ya ce a ransa wataƙila darakta ne ya ƙaro mutane. Ya yi ta kasa kunne ya ji muryar da aka ce ya jira, ya kuwa ji ta, sai dai kamar ana danne ta. Bai yanke shawara ba sai da ya ji iska ta canja, ya ji ƙarar diga, ya ji wani yana cewa a bi ta gefen gabas an kusa gamawa. A daidai ƙofar maƙabarta, daga cikin tabarma, da ladabinsa da komai, ya ce:

"Salamu alaikum. Don Allah ku sauke ni."

Ba zan iya kwatanta muku abin da ya biyo baya ba. Uku daga cikin masu riƙon suka saki suka yi ta kansu, takalma suka tarwatse, wani ya bar kekensa sai washegari ya dawo nema. Dattijon nan ne kaɗai bai saki ba. Ya tokare gefen kai da kafaɗarsa da ƙirjinsa, ya durƙusa a hankali har makarar ta kai ƙasa, ya kwance tabarmar da hannunsa. Ya ga idanu suna ƙiftawa. Ya shafa fuskar abokina ya ce, "Alhamdu lillahi, da ransa! Ku kawo ruwa, da ransa!"

Murna yake yi tsakaninsa da Allah, ya ɗauka suma yaron ya yi aka yi kuskure. Sai darakta ya ƙwace ya iso yana haki, ya fara bayani, fim ne, wasa ne, ga kyamara can. Ina kallon fuskar dattijon lokacin da maganar ta isa gare shi. Bai yi faɗa ba. Ya miƙe, ya share hawayensa da bayan hannu, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Ashe da ni kuka yi wasa," ya ce, ya juya ya tafi.

Na fi son a ce mari ya yi mini. Sauran jama'a kuwa da suka dawo hayyacinsu marin suka zo yi, da ƙyar limamin unguwar da mai unguwa suka raba mu da su. Aka karɓe kaset aka kai gidan mai unguwa, aka ce sai an zauna. Maganar da ke yawo ita ce za a ƙona shi, kuma a hana mu sake yin wasa a unguwar gaba ɗaya.

Makon nan ya yi mana tsawo. A wurin aiki duk wanda ya gan ni sai ya ɗaga hannu ya ce, "Ya ƙarin haƙuri?" Abokina na kamfanin alewa kuwa in ya shigo layi yara sai su watse. Darakta ya daina cin abinci, muryarsa ma ta ragu, abin da ba mu taɓa gani ba. Mahaifiyata ba ta ce mini ai na gaya maka ba, ta dai riƙa zuba mini abinci tana kallona, wanda ya fi faɗan ciwo.

Ashe dattijon mai cin abincinta ne na shekaru. Ita ta ba ni labarinsa. Mutumin ƙasar Nijar ne, daga wani ƙauye can gaba da Damagaram, ya zo Kano tun kafin a haife mu. Matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya tana aure a can gida. Rasuwar mahaifiyarsa da ta ƙaninsa duk sai bayan an binne labari ya iso masa. Shi kaɗai yake kwana a wani ɗan ɗaki a bayan kamfani. Ranar da ya dawo cin abinci ta zuba masa ta ce:

"Malam, yaran nan sun yi wauta, nawa ma yana ciki, ban goyi bayansu ba. Amma ku duba abin da idonku kafin a sa masa wuta. In kun gani kun ce a ƙona, ni zan ba da ashana."

Ta ce mini sai kawai ya cinye abincinsa ya wanke hannu ya tafi.

Aka zauna ranar Lahadi bayan La'asar a zauren mai unguwa. Liman ya yi mana faɗa sosai, ya ce mutuwa ba abin wasa ba ce, kuma mun sa bayin Allah sun bar hanyarsu sun zubar da hawaye a kan ƙarya. Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, "To Malam, ladanmu fa?" Aka ɗan yi dariya. Liman ya ce wanda suka yi dominsa ya san abin da ke zuciyarsu, ba zai tauye su ba. Sannan ya ce haƙƙin na waɗanda aka yaudara ne, kuma babu wanda aka fi yaudara kamar wannan dattijo, don haka abin da ya ce shi za a yi.

Darakta ya rarrafa gabansa ya ce, "Baba, ku yafe mana. Wallahi ba mu yi don mu wulaƙanta kowa ba, mun ɗauka babu kowa a titin." Ni na san abin da ke cikin kaset ɗin a wurinsa, ba fim kawai ba ne, duk abin da yake so ya zama ne a duniya.

Dattijon ya dubi darakta. Can ya ce, "Mai abinci ta ce in gani. A sa in gani."

Aka ɗauko talabijin da bidiyon Alhaji. Zauren ya cika, taga ta cika, har kan katanga mutane. Fim ɗinmu ya fara, hoto yana rawa, iska tana busa cikin sauti, wani wurin a ji jiniyar kamfani a tsakiyar maganar ƙauye. Mutane suna ta dariya suna nuna wuraren da suka sani, ga rijiyar wane, ga tukunyar mai abinci. Dattijon bai yi dariya ba. Tun daga inda saurayin ya sauka a tasha da ƙullin kayansa yana tambayar hanyar kamfani, na ga ya gyara zama. Inda ya kwanta ciwo yana miƙa hannu ga kofin ruwa ya kasa kaiwa, na ga ya sunkuyar da kai.

Sai ga titin. Dogo, fayau, mu huɗu ƙanana a can nesa da makara. Ni kaina da na san komai sai da jikina ya yi sanyi. Sai ƙofa ta buɗe. Daga saman motar nan ana ganin abin da mu da ke ƙasa ba mu gani ba. Mutum ɗaya ya nufo makara, sai biyu, sai goma, sai titin ya fara cika daga kowane lungu, masu keke suna sauka, mutane suna fitowa daga inda ba ka zata ba, har baƙin kwalta ya ɓace. Da farko ana ta ihu, ga ni can, ga wane can. A hankali zauren ya yi tsit.

"Mayar da shi baya," in ji dattijon.

Mai kyamara ya mayar. Aka sake kallo. Ya matso har gwiwarsa tana taɓa teburin talabijin, ya sa yatsa a kan gilashin, ba a kan hotonsa ba, a kan jama'ar da ke bayansa.

"Duk waɗannan, akwai wanda ya san yaron?"

Darakta ya ce, "Babu, Baba."

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya. Cewa kawai aka yi baƙo ne."

Ya ci gaba da kallo. Da ya buɗe baki, ba da mu yake ba, kamar da kansa yake magana.

"Shekara da shekaru ina garin nan, in na kwanta abin da nake tunani ke nan. In ta zo mini a ɗakin nan, wa zai sani, wa zai ɗauke ni. Ran nan ina gaba, ban waiwaya ba, ban san haka aka taru ba." Ya ja numfashi. "Ashe haka za a yi mini."

Liman ya cire tabaransa yana gogewa. Mutumin da ya tambayi lada yana share ido da hularsa.

"Ku bar shi," in ji dattijon. "Kada a ƙona. Amma kai mai babbar murya, labarinka akwai gyara. Ba a kai baƙo kabari da mutum huɗu a Kano."

Liman ya sa mana sharaɗi, mu bi ƙofar kamfanonin nan mu ba mutane haƙuri, kuma kada mu sake ɗaukar wani abu a titi sai an sanar da unguwa. Muka yi. Fim ɗin ya tsaya da ƙarshen da jama'a suka yi masa, muka goge daga inda aka doshi ƙofar maƙabarta. Darakta ya yi kwana biyu yana mitar an ɓata masa shirinsa, daga baya kuma ya koma gaya wa mutane wai dama haka ya tsara.

Abin mamaki, daga ranar muka daina rasa komai. Waɗanda suka so dukanmu su suka dawo suna tambayar yaushe za a yi na gaba. Wannan ya ce ga gidansa, wancan ya ce a ɗauki Vespa ɗinsa, tela ya ce zai ɗinka kayan sarki, ladanin da ya hana mu makara ya fito a alƙali. Kaset ɗin ya zaga zauruka da makarantu daga Sharaɗa har Dakata, ba mu sayar ba, wanda ke da bidiyo ya ara ya tara maƙwabta. Dattijon ya zama ɗan kallon gwajinmu, ya zo ya zauna a bencin baya yana cin goro, in wani ya yi abin da bai gamshe shi ba ya ce, "Ba haka mutane suke yi ba." Mun yi mun yi ya fito ko sau ɗaya, ya ce ai ya riga ya yi nasa.

Yau in na ga yadda harkar fim ta bunƙasa a garin nan, da manyan kyamarori da motoci, daɗi nake ji har zuciyata, amma nakan so a riƙa tunawa da inda aka faro. Leburori ne da suka hana kansu hutun Lahadi, da mai abincin da ta ba da ɗakinta, da Alhajin da ya ba da aron abin da ya fi so, da unguwar da ta yi fushi ta kuma yafe. Shi ya sa in yara suka ƙwanƙwasa mini ƙofa da 'yar kyamararsu suna neman aron tsakar gida, ba na tambayar ko sun iya. Mu ma ba mu iya ba. Nakan dai ce su je su gaida mai unguwa tukuna.

Kaset ɗin bai yi tsawon rai ba, fumfuna ta cinye shi a wata damina, muka nemi kwafi ko ɗaya muka rasa, kuma har yau abin yana yi mini ciwo. Darakta ya rasu, Allah ya jiƙansa. Abokina na kamfanin alewa yana nan da jikokinsa, ya yi ƙibar da mutum huɗu ba za su iya da shi ba.

Dattijon kuwa, da aka fara rage ma'aikata a kamfanin fata, ya haɗa kayansa ya ce zai koma wurin 'yarsa. Mun raka shi tasha, ya sa mana albarka, daga nan ba mu sake jin labarinsa ba. Ban san inda ya cika ba, ban san su wa suka ɗauke shi ba. Abin da na sani shi ne ya bar Kano ba ya tsoron wannan ranar, kuma ɗan fim ɗinmu mai rawar hoto ne ya cire masa tsoron.